Ɗurin Harsashi Da Hannu: Me Ya Sa Gwajin Kusa Ba Ya Shaidar Nesa?

A ƙasashen da harbin bara ya zama wasa mai ƙungiyoyi da gasa, irin su Amurka, Ingila, Kanada, Ostireliya da Afirka ta Kudu, akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin maharba. Mutum zai haɗa harsashinsa da hannunsa, ya je fili ya harba guda uku a nisan yadi 100, hujin ukun su haɗe wuri guda kamar an buga ƙusa ɗaya. Sai ya ɗauki irin wannan harsashi ya shiga gasar yadi 1,000, harbin ya warwatse, wani sama wani ƙasa. Wani maharbin kuma zai rantse cewa nasa harsashin ba ya abin kirki a kusa, sai an yi nisa yake natsuwa.

Ruɗanin da ke cikin wannan batu kashi uku ne. Na farko, mutane da yawa ba su san mene ne ɗurin hannu ba, suna haɗa shi da ƙirar bindiga ta bayan fage. Na biyu, ana ɗauka cewa abin da harsashi ya yi a kusa shi zai maimaita a nesa, illa dai a ninka lissafi. Na uku, ana yanke hukunci a kan harbi uku ko biyar kamar an ga ƙarshen magana. Wannan sharhi zai bi su ɗaya bayan ɗaya.

Ma'anar kalmomi

A Hausa kalmar harsashi ta ƙunshi abin da ake sakawa cikin bindiga da kuma abin da yake fita daga bakinta. Domin a rarrabe, cikakken harsashin zamani yana da sassa huɗu. Akwai kwanso, wato gidan tagullar da yake riƙe da sauran. Akwai albarushi a cikinsa. Akwai ɗan makunni a gindinsa, wanda allurar bindiga take doka sai ya tayar da wuta. Sannan akwai ƙwaya, wato darmar da aka lulluɓe da jan ƙarfe, ita ce take tashi zuwa abin bara. Bayan an harba, kwanso ne kaɗai yake saura.

Ɗurin hannu shi ne maharbi ya sayi waɗannan sassa daga kamfanonin da suke yin su, ya haɗa su da kansa ta amfani da ma'auni da injin matsa na musamman, yana bin littafin awo da kamfanonin suka wallafa bayan gwaji. Sau da yawa tsohon kwanso ake sake gyarawa a yi amfani da shi. Ana auna albarushi da ƙwaya da wani ma'auni mai suna giren, wanda asalinsa nauyin ƙwayar sha'ir ne. Giren 7,000 ne suke yin laba ɗaya, kuma giren 15 da ɗan ɗori suke yin giram ɗaya.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ɗura bindiga. Mafarauta da 'yan bindigar sarki sun daɗe suna ɗura bindigar toka ta baki. Amma bambancin yana da girma. Bindigar da ake magana a kanta a nan ita ce raifil, doguwar bindiga mai murɗaɗɗen tsagi a cikin bututunta. Tsagin nan shi yake sa ƙwaya ta fita tana katantanwa, a wasu bindigogin fiye da juyi 3,000 a sakan ɗaya, kuma wannan juyin ne yake hana ta wuntsilawa a iska.

Sai kalmomi biyu da ake yawan cakuɗawa. Idan aka harba harsasai da yawa ana baran wuri ɗaya, hujin da suka bari a takarda shi ake kira gungu. Ƙanƙantar gungu ita ce tattaruwa. Faɗawar gungun a tsakiyar abin bara kuma shi ne saiti. Gungu yana iya tattaruwa sarai amma ya faɗa gefe, wannan gyaransa mai sauƙi ne, a murɗa madubin hangen da ke kan bindiga. Amma gungun da ya warwatse babu murɗin da zai haɗa shi. Saboda haka mai gwada harsashi tattaruwa yake nema tukuna.

Asalin al'adar da dalilanta

Ɗurin hannu ya samo asali tun lokacin da harsashi mai kwanson ƙarfe ya bazu, daga shekarun 1860 zuwa 1870. A yammacin Amurka, inda kanti yake da nisan kwanaki, mafarauta kan tara kwansonsu su sake ɗura shi a sansani. A 1884 Bafaranshe Paul Vieille ya samar da albarushi marar hayaƙi, wanda ya ƙara wa harsashi gudu da nisan zango, ya kuma ƙara haɗarin kuskuren awo.

Gasar harbin nesa ma tsohuwa ce. A 1876 aka fara gasar Palma a filin Creedmoor da ke jihar New York, ana harbi a yadi 800 da 900 da 1,000. A Ingila ƙungiyar maharba ta ƙasa ta bar Wimbledon ta koma Bisley a 1890, kuma har yau zagayen ƙarshe na gasarta ta Kyautar Sarki a yadi 900 da 1,000 ake yin sa.

Dalilan masu ɗurin hannu a yau uku ne. Akwai rage tsada ga mai yawan harbi. Akwai masu tsofaffin bindigogin da an daina sayar da harsashinsu. Babban dalili kuwa shi ne kowace bindiga da halinta. Kamfani yana yin harsashin da zai shiga dubban bindigogi lafiya, shi kuwa mai ɗurin hannu bindiga ɗaya yake yi wa ɗinki daidai jikinta. To, ta yaya zai san ɗinkin ya yi? Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Ma'aunin da ake kwatanta nisa da nisa

Ba a iya kwatanta gungun yadi 100 da na yadi 600 da inci kawai, domin duk abin da ya kauce kaɗan a bakin bindiga yana ƙara buɗewa yayin da yake nisa, kamar hasken tocila. Shi ya sa maharba suke auna gungu da kusurwa. Da'ira tana da digiri 360, kowane digiri kuma an raba shi gida 60, kowane gida sunansa mintin kusurwa, ana taƙaita shi da haruffan MOA. Minti ɗaya yana rufe inci 1 da ɗan ɗigo a yadi 100, inci 6 da ɗan ɗori a yadi 600, da kusan inci 10 da rabi a yadi 1,000. Masu aiki da mita sun fi amfani da wani ma'aunin mai suna mil, wanda yake rufe santimita 10 a mita 100.

Daga nan ruɗani na biyu yake tasowa. Mutum zai ce tunda bindigata tana yin minti ɗaya a yadi 100, to a yadi 1,000 za ta yi inci 10 da rabi. Wannan lissafi daidai ne a takarda, amma shi ne mafi kyawun abin da zai iya faruwa, da a ce babu iska, babu jan ƙasa, kuma kowace ƙwaya ta fita da gudu iri ɗaya. A fili kuwa gungu yana buɗewa fiye da yadda nisa yake ƙaruwa.

Tarihin bajinta ma ya nuna haka. A 2013 Ba'amurke Mike Stinnett ya yi gungun harbi biyar a yadi 100 wanda faɗinsa inci 0.0077 ne, wato kusan kashi ɗaya cikin biyar na milimita. A 2018 Mike Wilson ya yi gungun harbi biyar a yadi 1,000 mai faɗin inci 1.068. Nisan ya ninka sau goma, amma faɗin gungun ya ninka fiye da sau ɗari.

Abubuwan da nisa yake tonawa

Na farko shi ne bambancin gudu. A ɗauki harsashin .308 Winchester, wanda ya fito a 1952 kuma yana cikin waɗanda aka fi harbawa a gasa. Ƙwayarsa tana fita da gudun kusan mita 800 a sakan. Tana isa yadi 100 cikin kusan kashi ɗaya cikin takwas na sakan, jan ƙasa bai sauke ta fiye da santimita 7 ba. Amma kafin ta kai yadi 1,000 ta shafe fiye da sakan ɗaya da rabi, ta kuma sauka fiye da mita 10. Saboda haka maharbi yake ɗaga bakin bindiga, ƙwayar ta yi baka a sama sannan ta sauko.

Yanzu a ce harsasai biyu sun bambanta da mita 8 a sakan, wato kashi ɗaya cikin ɗari na gudunsu. A yadi 100 tazarar da wannan zai haifar ba ta kai milimita 2 ba, ido ba zai gani ba. A yadi 1,000 kuwa mai sanyin gudun zai faɗa ƙasa da ɗan'uwansa da kusan taƙi guda. A gasar da ake kira F-Class, da'irar maki goma a yadi 1,000 faɗinta inci 10 ne a Amurka, ta tsakiya kuma inci 5. Ke nan taƙi guda ya isa ya fitar da mutum daga gasa. Wannan shi ya sa gungun nesa yakan yi tsawo daga sama zuwa ƙasa, kuma shi ya sa maharban nesa suke auna albarushi da tsananin kula, alhali da yawa daga gwanayen yadi 100 da 200 da mudun inji suke zuba nasu ba tare da sikeli ba, kuma suna cin gasa.

Na biyu iska ce. Iskar da take kaɗawa daga gefe da gudun kilomita 16 a awa tana ture irin wannan ƙwaya ƙasa da santimita 2 a yadi 100, amma fiye da mita 2 a yadi 1,000. Kuma iska ba ta zama iri ɗaya daga bakin bindiga zuwa abin bara. Maharba suna karanta ta daga tutocin da aka kafa a fili da kuma motsin kawalwalniya a cikin madubi. Duk gungun da ya baje hagu da dama a nesa, iska ake fara tuhuma kafin harsashi.

Na uku siffar ƙwaya ce. Ƙwaya mai tsawo da tsini, mai siririn gindi, ta fi ratsa iska ba tare da rasa gudu ba. Gajera mai shafaffen gindi kuma ta fi sauƙin ƙerawa daidai wa daida, shi ya sa ita gwanayen kusa suka fi so, musamman a harsashin 6mm PPC da ya mamaye gasar kusa tun tsakiyar shekarun 1970. Idan ƙwayoyi suka ɗan bambanta a tsini, a kusa ba a gani, a nesa kuwa wata ta riga wata gajiya.

Na huɗu shi ne gudun sauti, wanda yake kusan mita 340 a sakan. Ƙwaya tana fita da gudun da ya ninka na sauti fiye da sau biyu, tana tafiya tana raguwa. Idan ta kusanci gudun sauti, yadda iska take danna ta yana canzawa, wasu ƙwayoyin sai su fara layi. Sanannen misali shi ne ƙwayar Sierra MatchKing mai giren 168, wadda aka tsara domin gasar mita 300. Ta yi suna a yadi 300 zuwa 600, amma maharban .308 sun sha ganin ta lalace kafin yadi 1,000. Ƙanwarta mai giren 175, wadda aka fitar a shekarun 1990, ita ta magance wannan. Babu wani gwajin yadi 100 da zai nuna wannan bambanci.

Na biyar yanayi ne. Albarushi yakan ƙara ƙarfi da zafi, ya ragu da sanyi. Iskar kan tudu ta fi ta bakin teku sauƙin ratsawa. Har juyin ƙwaya yana jan ta gefe kusan taƙi guda a yadi 1,000. Duk waɗannan a kusa a ɓoye suke.

Harbi nawa ne ya isa shaida?

Ruɗani na uku ya fi sauran wuyar fita daga zukatan maharba, domin gungun harbi uku da ya haɗe abin alfahari ne. Amma masana lissafin ƙididdiga sun daɗe da nuna rauninsa. Frank Grubbs, wanda ya yi aiki a cibiyar gwajin makamai ta Aberdeen a Amurka, ya wallafa ɗan littafi a kan wannan a 1964. Abin da lissafin ya nuna shi ne faɗin gungu yana ƙaruwa da yawan harbi ko da bindiga da harsashi ba su canza ba. Bindigar da matsakaicin gungunta na harbi uku inci 1 ne, a harbi biyar za ta yi kusan inci 1 da kwata, a harbi goma fiye da inci 1 da rabi, a harbi ashirin ta doshi inci 2.

Bayan haka, gungun harbi uku ba ya tsayawa wuri ɗaya. Harsashi iri ɗaya, bindiga ɗaya, rana ɗaya, wani gungun zai fito rabin inci, na bayansa ya wuce inci 1. Wanda ya ajiye ƙaramin ya yar da babban, sa'a ya ajiye. Haka kuma al'adar cire harbi ɗaya da ya kauce a ce kuskuren hannu ne. Idan maharbi bai ji a jikinsa cewa ya motsa ba tun kafin ya duba takarda, to wannan harbin na cikin lissafi.

Akwai kuma batun yadda ake awon. Hanyar da aka saba ita ce a auna tazarar huji biyu da suka fi nisa da juna. Aibinta shi ne ta yi watsi da sauran hujin. Hanyar da masana suka fi yarda da ita ita ce a nemo tsakiyar gungu, a auna nisan kowane huji daga nan, a fitar da matsakaici, ta haka kowane harsashi ya ba da shaidarsa. Mujallar American Rifleman, wadda ta daɗe tana gwada bindigogi, ma'auninta gungu biyar ne a jere, kowane mai harbi biyar.

Saɓanin ra'ayi: a wane nisa za a gwada?

Ɓangare na farko suna cewa a yi gwaji a yadi 100. Hujjarsu ita ce a wannan nisa iska da kawalwalniya ba su da tasiri sosai, abin da aka gani aikin harsashi da bindiga ne zalla. Sai a haɗa da na'urar auna gudu domin a san bambancin gudun, sauran kuma lissafi ya cike. Na'urorin zamani masu aiki da rada, irin wadda kamfanin Garmin ya fitar a 2023, sun sauƙaƙa wannan ƙwarai. A ganinsu, Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta.

Ɓangare na biyu suna cewa hangen Dala ba shiga birni ba ne. Harsashin da za a harba a yadi 600 a yadi 600 za a gwada shi, domin takarda ba ta ƙarya, na'ura kuwa gudun bakin bindiga kawai ta sani. Daga cikinsu akwai mabiya gwajin tsani, wanda ake danganta shi da maharbin Amurka Creighton Audette. Ana haɗa jerin harsasai, kowane ya ɗara na bayansa albarushi kaɗan cikin iyakar littafin awo, a harba su a yadi 300 ko fiye, a duba inda harsasai masu bin juna suka taru a tsayi ɗaya. Tunanin da ke bayan wannan shi ne bututun bindiga yana karkarwa lokacin harbi, kuma akwai awon da yake sa ƙwaya ta fita daidai lokacin da bakin bututun ya ɗan lafa.

Ɓangare na uku ya taso a 'yan shekarun nan. A 2022 injiniyoyin kamfanin Hornady da ke jihar Nebraska suka bayyana sakamakon gwaje-gwajen da suka yi da gungu masu harbi da yawa, ashirin, talatin har hamsin. Abin da suka gani shi ne yawancin wuraren daɗin da ake samu da harbi uku ko biyar suna ɓacewa idan aka yawaita harbi, kuma canza irin ƙwaya ko irin albarushi ya fi tasiri a kan ƙara ɗan awo ko rage shi. Gwanayen gasa da yawa ba su yarda ba. Suna cewa a bindigogin gasa masu nauyi, inda ake neman bambancin da bai kai kaurin gashi ba, ƙananan gyare-gyaren nan suna aiki, kuma kofunan da suka ci su ne shaida.

Idan aka auna maganganun uku, kowane yana da inda ya yi gaskiya. Gwajin kusa yana tace harsashi marar kyau cikin sauƙi. Gwajin nesa shi kaɗai yake tabbatar da mai kyau. Yawan harbi kuma shi yake raba gaskiya da sa'a a kowane nisa.

Shin harsashi yana natsuwa a nesa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi jawo ce-ce-ku-ce. Masu cewa e suna kafa hujja da cewa ƙwaya tana fita daga bututu tana ɗan kaɗa kai, sai ta yi tafiya kaɗan ta daidaita. Kaɗa kan gaskiya ne. Amma daidaitar ƙwaya ba ya mayar da ita kan hanyar da ta riga ta kauce wa, domin ba ta san inda abin bara yake ba.

Bryan Litz, masanin tafiyar harsashi na kamfanin Berger, ya gwada wannan ta hanya mai sauƙi. Ya kafa siririyar takarda a yadi 100 da wata a yadi 300, harsashi ɗaya ya ratsa ta farko ya faɗa ta biyu. Ta haka gungu ɗaya ake aunawa a wuri biyu. Bai samu gungun da kusurwarsa ta ragu a nesa ba. Abin da ya fi yiwuwa ga masu ganin haka shi ne sun kwatanta gungu biyu daban masu ƙarancin harbi, ko kuma madubinsu bai daidaitu da nisan kusa ba, ta yadda ɗan motsin ido yake kautar da saiti.

Akwai dai wani abu guda da ya yi kama da wannan kuma yana da tushe. Idan bakin bututu yana kan ɗagawa sama lokacin da ƙwaya take fita, mai sanyin gudu za ta fita a makare, bakin ya ƙara ɗaguwa, sai ta tashi sama kaɗan fiye da mai sauri. A wani nisa na musamman wannan ɗagawar tana biyan saukar da rashin gudu ya jawo. Maharban Ingila sun daɗe suna danganta wannan hali da bindigar Lee-Enfield a harbin yadi 900 da 1,000. Amma wannan sama da ƙasa kawai ya shafa, kuma a nisa ɗaya yake aiki. Hasali ma ƙarin hujja ce cewa sakamakon wani nisa ba ya wakiltar wani.

Siffar gwaji mai tsabta

Ƙa'idojin da masana suka haɗu a kansu kaɗan ne. Abu ɗaya ake canzawa a lokaci ɗaya. Ana ɗora bindiga a kan abin da zai riƙe ta daram, domin a fitar da rawar hannu daga lissafi. Ana harba nau'o'in da ake kwatantawa bi da bi, ɗaya daga wannan ɗaya daga wancan, don kada zafin bututu ko canjin iska ya fifita wani. Ana rubuta zafin rana, yanayin iska da gudun kowane harsashi. Ana maimaita gwajin a wata rana. Sannan a bi nisa mataki-mataki, kusa, tsakiya, har zuwa inda za a yi amfani da harsashin. Shi kuwa mafarauci, harbin farko daga bututu mai sanyi shi ya fi damunsa, domin dabba ba ta jiran na biyu.

Gwaji ma yana da kuɗinsa. Bututun bindiga yana cinyewa, wasu na gasa ba sa wuce harbi dubu biyu zuwa uku kafin tattaruwarsu ta ragu. Wanda ya ƙarar da rabin ran bututunsa wajen neman awon da ya fi kowane, ya yi asara ko da ya same shi.

Haɗari da doka

Matsin da ke cikin bindiga lokacin harbi ba abin wasa ba ne. Hukumar CIP, wadda aka kafa a 1914 domin daidaita gwajin bindigogi a ƙasashen Turai, ta sa iyakar matsin .308 Winchester a 4,150 bisa ma'aunin matsi mai suna bar, kusan ninki dubu biyu na iskar tayar mota. A Amurka ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926, ita take fitar da irin wannan ma'auni. Neman ƙarin gudu domin harbin nesa shi ne ƙofar da aka fi shiga haɗari ta cikinta, kuma awon da ya zauna lafiya da sanyin safiya yana iya wuce iyaka da zafin rana. Kuskuren awo ko musanya albarushi yana fasa bindiga, ya tafi da ido ko yatsu.

Doka kuma ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa. A mafi yawan jihohin Amurka mutum yana iya ɗurin hannu domin amfanin kansa. A Jamus sai ya yi kwas ya samu izini a ƙarƙashin dokar abubuwa masu fashewa. A Nijeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera ko haɗa harsashi sai a ma'ajiyar makamai ta gwamnati ko masana'antar da hukuma ta amince da ita, irin DICON da aka kafa a Kaduna a 1964. Don haka abin da yake wasa a wata ƙasa laifi ne babba a nan, kuma a halin rashin tsaron da Arewa take ciki, dalilin wannan hani a bayyane yake.

Abin da ke biyo baya

Ga ɗan gasa, sakamakon gwaji marar inganci asarar maki ne da kuɗi. Ga mafarauci abin ya fi haka nauyi. Wurin da ake bara a ƙirjin barewa bai fi taƙi guda ba. Wanda ya dogara da gungun yadi 100 ya harbi dabba a yadi 500, sau da yawa raunata ta zai yi, ta gudu ta mutu a wahale. Shi ya sa a Norway duk mai farautar manyan dabbobi sai ya yi harbin horo 30, sannan ya ci jarrabawa kowace shekara, ya sa harbi biyar cikin da'ira mai faɗin santimita 30 a mita 100.

Hukuncin da za a iya yankewa a wannan batu a sarari yake. Gungun kusa yana faɗin ingancin bindiga da haɗin harsashi, amma ba ya faɗin abin da bambancin gudu, iska da siffar ƙwaya za su yi a nesa. Harbi uku ba su isa shaida ba a kowane nisa. Harsashi ba ya gyara hanyarsa bayan ya kauce. Duk wanda ya ce harsashinsa ya yi kyau, tambayoyi uku za a yi masa: a wane nisa, da harbi nawa, kuma a cikin wane yanayi. In bai amsa su ba, bai gwada ba tukuna.